Abin da Hannuna Ya Koyo a Jaifur

'Ya'yana da ƙannena, ku da kuke shirin fita waje karatu ko fatauci ko rakiyar majinyaci, akwai wata shawara da ban taɓa jin babba ya ba matafiyi ba. Ni ma ba wanda ya ba ni ita, tuntuɓe na yi da ita a hanya. Akan ce wa mai tafiya ya riƙe salla, ya adana fasfo, ya kiyayi abokan banza, kuma duk gaskiya ne. Abin da zan ƙara muku shi ne, in Allah ya kai ku ƙasar mutane, ku nemi gidan da za a yarda ku shiga madafa, ku naɗe hannun riga, a koya muku abincinsu da hannunku. In kuwa Indiya ce, ku nemi girkin waɗanda ba sa cin nama.

Rakiyar jinya ce ta kai ni. An yi wa yayana aiki a wani asibiti a Delhi, likita ya ce mu dakata mako uku kafin ya sake duba shi ya sallame mu. Wanda ya taɓa zaman jinya a baƙuwar ƙasa ya san nauyin irin waɗannan kwanaki: ɗaki ɗaya, guzuri na zurarewa, ga abincin da baki bai saba da shi ba. Duk gidan abincin da na shiga, zuciyata na tambayata wa ya yanka naman nan, kuma da sunan wa. Da Yaya ya ji sauƙi, babban ɗansa kuma ya iso, sai ya ce mini, "Kai ma je ka sha iska kwana biyu, ka yi ƙoƙari." Na hau jirgin ƙasa zuwa Jaifur, babban birnin jihar Rajastan, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba.

Birni ne mai ganuwa da ƙofofi, Bakano ba zai ji baƙunta sosai a cikinsa ba. Sarki Sawai Jai Singh na biyu ne ya kafa shi a 1727, a 1876 kuma aka shafe gine-ginensa da launin jan garura mai haske don tarbar yariman Ingila, har yau launin nan ake yi wa garin laƙabi da shi. Na je Hawa Mahal mai ɗaruruwan tagogi, na hau fadar Amber da ke kan tudu, na ɗauki hotuna kamar kowa. Yanzu sai na buɗe waya nake tuna yadda suke. Amma wata ƙaramar madafa da ke hawa na biyu na wani gida a bayan kasuwar Candfol, ko tsakar dare aka tashe ni zan gaya muku inda gwangwanin gishiri yake.

Mai masaukina ne ya ba ni labarin wata uwargida da ke koya wa baƙi girki a gidanta. Mu huɗu ne ɗalibai ranar, 'yarta kuma tana yi mana tafinta. A bakin ƙofa aka ce mu cire takalma, a bakin madafa mu wanke hannu. Ta kira ni "Bai-sahab", wato ɗan'uwa mai daraja, ni kuma na kira ta "Bahan-ji", 'yar'uwa. Ku da kuke yara "Anti-ji" za ku ce. Wannan "ji" ɗin da suke liƙawa a ƙarshen suna shi ne girmamawarsu, ku riƙe shi, yana buɗe fuska kamar yadda "ranki ya daɗe" ke yi a wurinmu.

Tambayarta ta farko ta ba ni mamaki. Ba ta tambayi ko muna cin nama ba, don a gidanta maganar ma ba ta taso ba, ko ƙwai ba ya shiga. Cewa ta yi, "Kuna cin albasa da tafarnuwa?" Ashe akwai mabiya addinin Jain, waɗanda ba sa cin abin da aka tono daga ƙasa, dankali ko albasa ko tafarnuwa, don gudun kashe ƙananan halittun da ke tare da saiwa, masu tsanantawa a cikinsu ma ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. A nan na fara gane cewa rashin cin nama a Indiya hawa-hawa ne, kuma ba kowa ke yin sa ba. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kusan mutum huɗu cikin goma na manyan ƙasar ne ke cewa su ba masu cin nama ba ne, Rajastan kuwa tana cikin jihohin da suka fi yawansu. Mafi yawan marasa cin naman suna shan madara, suna cin kindirmo da man shanu. Shi ya sa duk abincin leda ko na gwangwani da za ku saya a ƙasar za ku ga an buga masa ɗan koren ɗigo a cikin murabba'i in babu nama ko ƙwai a ciki. Ga Musulmi matafiyi wannan ɗigon rahama ne, ya ɗauke masa rabin waswasi.

Sai ta ɗauko wani zagayayyen kwano na ƙarfe mai murfi, a cikinsa ƙananan kofuna bakwai. Sunansa masala dabba. Kada sunan ya ruɗe ku, dabba a harshensu gwangwani ne. Ta buɗe, ta ce kowa ya sansana ya faɗi abin da ya sani. Turawan da ke tare da ni suna ta lalube, ni kuwa sai na ji kamar a rumfar mai kayan yaji nake a kasuwar Kurmi. Ga kurkum, ga garin barkono, ga hulba. A kan kanta ga citta, kanumfari, girfa, masoro, riɗi, habbatus sauda, ga tsamiya a dunƙule. Uku ko huɗu ne kawai baƙi a wurina: jira, wanda Larabawa ke kira kammun, da daniya, da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi da suke kira rai, sai wani ɗan gari mai wari da ake kira hing, ƙaron saiwar wani tsiro ne da ake kawowa daga Afganistan da Iran. Ɗanyensa ba ya sansanuwa, amma da ya taɓa mai mai zafi sai ya koma ƙamshi mai zurfi kamar na albasa. Nan take na ce a raina, wannan ai daddawarsu ce.

Dal muka fara ɗorawa, wato ɓarzajjen adas da danginsa na wake. Aka wanke, aka zuba ruwa da kurkum da gishiri a tukunyar nan mai murfin matsi da ke fito. Ba sa duba agogo, fito suke ƙirgawa: wannan fito uku, wancan biyar. Da aka buɗe sai na ga wani ruwa-ruwan fate mai rawaya, na ɗanɗana a cokalina, lami. Zuciyata ta ce ai dama, me za a samu a miyar da babu ko ƙashi? Ina gaya muku wannan ne don na san tunanin da yawancinmu ke ɗauke da shi ke nan. Mun taso muna auna darajar miya da yawan tsokar da ke ciki, har mukan ji kunyar baƙo ya tarar da mu muna cin wadda babu.

Sai ta miƙo mini wani ɗan ƙaramin kasko mai dogon hannu, ta ce in zuba man shanu in ɗora a wuta. Wannan shi ne tadka, kuma a nan duk sirrin yake. In man ya yi zafi a jefa jira, cikin ƙiftawar ido zai fara tsalle yana ƙara, a bi shi da ɗan hing, da busasshen barkono, da yankakkiyar tafarnuwa, kafin ta yi duhu a juye duka a kan dal a rufe. Na farko na tsaya kallon ɗalibar da ke gefena, jira ya ƙone, ƙauri ya tashi. Uwargidan ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta karɓi kaskon, ta zubar, ta goge, ta miƙo mini. Ta nuna kunnenta, ta nuna hancinta. Karo na biyu na kasa kunne, na ji lokacin da ƙarar ta canza, na ji ƙamshin ya buɗe, na juye. Tukunyar ta yi "cuuu", gidan ya gume. Na sake ɗanɗanawa, wallahi kamar ba ita ce miyar ɗazu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙamshin yawancin kayan yaji a mai yake narkewa, ruwa ba ya fito da shi sosai, zafi kuma shi ke tayar da shi. In zafin ya gota kaɗan sai ya koma ɗaci. Iyayenmu mata sun san haka tuntuni, shi ya sa suke soya man shanu da albasa kafin a zuba a kan tuwo. Amma da a littafi na karanta, ko a bidiyo na kalla, da ban san tazarar da ke tsakanin ƙamshi da ƙauri ba ta wuce numfashi biyu ba. Sai da ya ƙone a hannuna. Wannan ne ya sa nake nanata muku cewa ku nemi ajin da za a ba ku wuƙa da ludayi. Akwai waɗanda ake jera baƙi a kan kujeru kamar 'yan kallo, kuku yana yi suna tafi, a ƙarshe a ba su takarda. Ku tambaya tun kafin ku biya: mu nawa ne, kuma ni zan yi da hannuna? In an haura mutum shida ko bakwai a murhu ɗaya, kallo za ku yi.

Na tambaye ta cokali nawa na gishiri, ta yi murmushi ta ce "andaz", wato kintace. Mu ma ai mun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk da haka ku riƙe ɗan littafi da biro, ku rubuta abin da ya fara shiga tukunya da abin da ya biyo baya, don a girkinsu jerin ya fi awo muhimmanci. Wayar kuwa ku sa ta a aljihu. Hannun da ke riƙe da waya ba ya kwaɓa gari.

Kuɓewa ta koya mini wani abu dabam. Mu yauƙinta muke nema, har kanwa muke sa mata. Su kuwa gudunsa suke yi. Sai a wanke ta tun tana ɗungum, a goge ta ta bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, a soya a buɗaɗɗen kasko ba murfi, gishiri sai can ƙarshe, a barbaɗa garin busasshen ɗanyen mangwaro don tsami. Ta fito a warware, ƙamas-ƙamas. Shekara nawa ina cin kuɓewa, ban taɓa zaton tana da wata fuska ba. Fanir kuma bai ɗauke mu lokaci ba: a tafasa madara, a matsa lemun tsami, ta tsinke, a tace a farin ƙyalle, a danne da abu mai nauyi. Wanda ya san cuku ko awara ya riga ya san rabin aikin.

Roti ne ya fi ba kowa wuya, shi ne gurasarsu ta kullum, kun sha ganin ana murza shi a finafinansu. Garin alkama ne da ba a cire masa dusa ba, da ruwa, shi ke nan, babu yis. A kwaɓa har ya yi laushi kamar fatar kunne, a rufe ya huta kamar minti ashirin, a gutsura a mulmula, a murza da ɗan muciyar katako a kan faifan katako. A ɗora a kan tawa, wani shimfiɗaɗɗen kasko na ƙarfe, in ƙananan ƙuraje sun fito a juya, sannan a ɗauke a ɗora kai tsaye a kan harshen wuta. In kaurinsa ya daidaita ko'ina, tururin da ke ciki sai ya raba shi biyu, ya kumbura kamar ƙwallo. In wani gefe ya fi wani kauri, ko an huda shi, haka zai kwanta. Nawa na farko da na biyu da na uku duk sun kwanta. Na huɗu ya tashi. Uwargidan ta tafa hannu, ni kuwa farin cikin da na ji ya fi wanda na ji a gaban duk wata fada da na gani a garin.

Ku samari, da ku nake musamman a nan. Na san a cikinku akwai mai ganin shiga madafa zubar da girma ne. Na kai shekarun da na kai ban taɓa kwaɓa gari ba, kuma ban ga abin da hakan ya ƙara mini ba sai dogaro da wasu. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Ɗalibin da zai yi shekara huɗu a Bangalor ko Haidarabad bai iya dafa wake ba, cikinsa da aljihunsa duka za su gaya masa. Dal da shinkafa, ko dal da roti, abinci ne mai araha mai riƙe ciki, kuma haɗin hatsi da wake yana cike wa jiki abin gina shi, kamar dai garau-garau ɗinmu.

Can wajen ƙarshe ta ce za ta nuna mana abincin ƙauyensu na lokacin sanyi. Ta buɗe wata roba, na leƙa, sai ga garin gero. Geronmu, mai launin toka-toka, da ƙamshinsa na fura. Su bajra suke ce masa. Da yake gero ba shi da danƙon alkama, ba ya murzuwa da muciya, sai a kwaɓa da ruwan ɗumi, a murje kowane curi da gindin tafin hannu, a riƙa tafa shi tsakanin hannuwa biyu har ya yi faɗi. Aka gasa, aka shafe shi da man shanu, aka kawo mazarƙwaila da dakakkiyar tafarnuwa da barkono. Na kai loma, sai na ji idona ya kawo ruwa. Wata guda rabona da gida, ga ɗanɗanon gidanmu a bakina, a hannun matar da ba ta taɓa jin sunan garinmu ba.

Na ce wa 'yarta ta gaya mata cewa wannan hatsin daga wajenmu ya zo. Masu tonon tarihi sun sami mafi daɗewar geron noma a kwarin Tilemsi da ke Mali, na kimanin shekaru 4,500, daga yankinmu na Sahel ya bi hannun mutane har ya isa Indiya sama da shekaru 3,000 da suka wuce. Dawa da waken da suke kira lobiya su ma daga Afirka suka je, haka tsamiya, wadda Larabawa suka laƙaba wa suna dabinon Indiya. Yau Indiya ce kan gaba a noman gero a duniya, Rajastan ce kan gaba a Indiya, kuma Indiya ce ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.  Barkono da tumatir da dankalin da ake ganin kamar da su aka halicci girkin Indiya kuwa, sai bayan Turawan Fotugal sun sauka a gaɓar Kerala a 1498 suka shigo. Uwargidan ta saurara, ta jinjina kai, ta ƙara mini wani rotin a faranti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abincin da yaranmu na birni ke yi wa kallon na talaka, a nan an ɗora shi a tire ana alfahari da shi gaban baƙi.

Ba ina ce muku ku bar nama ba. Allah ya halatta mana shi, muna layya, muna yankan suna. Ba kuma zan ɓoye muku ba cewa maganar nama a Indiya tana da ƙaya. Tana haɗe da addini da bambancin asali, yawancin jihohi sun haramta yanka saniya, an kuma sha kai wa Musulmi hari a kan zargin naman shanu. Saboda haka madafar mutane ba wurin muhawara ba ce. In kuna da guzurin kilishi ku bar shi a masauki. In kun ga ɗan wurin bautarsu a kusurwar ɗaki, kada ku nuna da yatsa, kada ku ɗauki hoto sai da izini. Wasu gidajen sukan gabatar da abinci ga abin bautarsu kafin a ci, wasu sukan ware rotin farko don saniya. Ni tun da farko na faɗa mata cikin ladabi cewa ni Musulmi ne, ba zan ci abin da aka gabatar ba, ta ce ta sani, tana da maƙwabta Musulmi. Da la'asar ta yi na nemi wuri, 'yarta ta share mini gefen falo. Mutumin da ke da ƙa'ida a kan abincinsa ya fi kowa saurin fahimtar mai ƙa'ida. Su ma suna da tasu: cokalin da ya taɓa baki ba ya komawa tukunya, abin da ka gutsura ba ka miƙa wa wani, da hannun dama ake ci. Ku 'yan mata kuma, kada ɗayarku ta tafi gidan da ba ta sani ba ita kaɗai. Ku je ku biyu, ku bar adireshin a wurin wani. Kuɗin da aka yi ciniki a kai ku biya shi cif, da fara'a, don sau da yawa da shi matar ke riƙe gidanta.

Muka zauna a ƙasa muka ci abin da muka dafa, kowa da tirensa da ƙananan kwanoni a jere, ita tana zagayawa tana ƙari, ba ta zauna ba sai da muka ƙoshi. Da zan tafi ta ƙulla mini jira da hing a takarda.

Bayan mun dawo gida da mako biyu, Yaya na kwance yana murmurewa, likita ya ce ya rage nama da maiƙo, bakinsa kuma ya ƙi karɓar komai. Na sa aka ɓarza mini farin wake aka surfe, na shiga madafa. Matan gida suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Na dafa shi har ya narke, na ɗora ɗan kasko, na zuba man shanu cokali ɗaya, na kasa kunne. Da na juye, Hajiyarmu ta ɗaga labule daga ɗakinta ta ce, "Wane ne a madafar nan?" Aka kai mata a ɗan kwano. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce a miƙo mata daddawa. Ta marmasa kaɗan a ciki, ta juya, ta sake ɗanɗanawa, sannan ta ce a kai wa Yaya tun da zafinsa. Ya shanye, ya miƙo kwanon.